Gardamar Zaɓen Tsaikon Shafin Intanet

'Yan'uwana ɗalibai, ku da kuka fara koyon rubuta JavaScript kun sha jin gardama a kan React da Vue da Angular. Ina so in bayyana abin da ake gardamar a kai, gama da yawa suna ɗaukar ɓangare ba su san dalili ba tukuna.

Shafin intanet iri biyu ne. Akwai wanda ake karantawa kawai, akwai kuma wanda yake amsa wa mutum, watau in ka danna wuri ko ka rubuta wani abu sai fuskarsa ta sāke nan da nan. Na biyun yana da wuyar gini, don haka masana suka shirya kayan aiki da mutum zai ɗora nasa aikin a kai. Ni ina kiransu tsaiko, domin kamar tsaikon ɗaki suke, an riga an ɗaure, kai naka baibaya.

Kamfanin Facebook ya fitar da React a 2013. Ana gina shafi guntu-guntu, in wani abu ya sāke sai React ya gwada sabuwar siffa da tsohuwa, ya taɓa wurin da ya bambanta kaɗai. Evan You, wanda ya yi aiki a Google, ya fitar da Vue a 2014, kuma ya fi sauƙin shiga ga ɗan koyo. Angular na Google ne, yana zuwa da kayansa cif, amma sai ka koyi TypeScript. Akwai kuma Svelte na Rich Harris, 2016, wanda yake gama yawancin aikinsa tun kafin shafin ya kai wayar mai karatu.

Masu gardama sun fi son zancen sauri. Ni kuwa labarin AngularJS ya fi damuna. Google ya fitar da shi a 2010, mutane suka yi gini mai yawa a kansa. A 2016 aka sake rubuta shi daga tushe, har sabon bai karɓi tsohon aiki yadda yake ba, a ƙarshen 2021 kuwa aka daina kula da tsohon. Waɗanda suka dogara gare shi dole suka sake gini, da kuɗinsu da lokacinsu.

To, a ce an ba mu aikin shafin duba sakamakon jarrabawa. Mu za mu gama karatu mu tafi, wa zai gyara shi bayanmu? Nan React ya yi rinjaye, gama masu iya shi sun fi yawa. Amma fa iyayen da za su buɗe shafin, da yawa ƙananan wayoyi gare su, data kuma da tsada, kowane tsaiko kuwa nauyinsa kan wayar yake sauka. Don ɗan aiki irin wannan ni Vue zan ɗauka, in ma shafin fom ɗaya ne da jadawali ɗaya, JavaScript zalla ya isa.