Kunun Ƙanƙara: Yanayin Gudanarsa a Cikin Bututun Sanyaya Wuri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda kunun ƙanƙara yake gudana a cikin bututu, tare da gwada kalmomin Hausa da za su ɗauki bayanin. Abin da ake nufi da kunun ƙanƙara shi ne ruwan da aka gauraya da gishiri ko wani sinadari, wanda ƙwayoyin ƙanƙara, galibi ƙasa da milimita 1, suke yawo a cikinsa.

2.0 Fa'idarsa

Kilogiram 1 na ƙanƙara yakan shanye zafi kilojul 334 kafin ya narke, alhali kilojul 4.2 kacal ake bukata a ƙara wa kilogiram 1 na ruwa ɗumi da digiri 1. Ke nan kunu kaɗan a siririn bututu yakan kwashe zafin da sai ruwan sanyi mai yawa zai kwashe. Shi ya sa ake adana kifi da shi, aka kuma yi amfani da shi wajen sanyaya ramin zinariya na Mponeng a Afirka ta Kudu.

3.0 Yanayin Gudana

Idan ƙanƙarar ba ta da yawa, kunun yakan kwarara tamkar ruwa, sai ɗan kaurin da ƙwayoyin suka ƙara masa, kamar yadda lissafin Einstein na 1906 ya nuna. Da ta haura kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100, sai halinsa ya sauya: ba ya motsi sai ƙarfin turi ya wuce wani mizani. Wannan shi ne halin da Bingham ya bayyana a 1916. Haka kuma, da yake ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, idan gudu ya ragu sai ƙwayoyin su taso saman bututu, su cunkushe, har su toshe shi. Saboda haka dole a daidaita yawan ƙanƙara da ƙarfin famfo, domin kauri yana cin lantarki, ƙarancinsa kuma yana zubar da fa'idar.

4.0 Kammalawa

An ga cewa "kauri" da "tsinkewa", kalmomin masu dama kunu, sun dace da wannan bayani, domin kunun ƙanƙara yana ƙara tsinkewa gwargwadon narkewarsa a hanya. Sai dai "kauri" tana kuma nufin kaurin jikin bututu. Ya kamata masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi su riƙa cewa "kaurin gudana" domin kauce wa ruɗani.