Kakar Ƙwallo ta 2007/2008 da Ɗaukakar Kano Pillars

Shekara 30 cif Kano ta yi rabonta da kofin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, tun 1978 da Raccah Rovers ta ɗauke shi. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ita ce ta kawo ƙarshen wannan jira.

Ƙungiyoyi 20 suka kara a kakar, kowace ta gamu da 'yar'uwarta gida da waje. Nasara maki 3, kunnen doki maki 1. To, a gasar Nijeriya cin wasa a waje aiki ne ja, saboda nisan tafiya da matsin 'yan kallo, balle alƙalancin da aka sha kuka da shi. Don haka kofi na wanda ya tsare gidansa ne, sa'an nan ya tsinto 'yan maki a gidan wasu. Pillars, a hannun mai horarwa Kadiri Ikhana, ta zo ta ɗaya, Heartland ta Owerri na biye.

Wannan ya kai ta gasar zakarun Afirka ta 2009, inda ta fitar da Al Ahly ta Masar. Abin takaici, Heartland ɗin nan ce ta tare ta a wasan kusa da ƙarshe, ci 4 da nema a Owerri, 1 da nema a Kano.