Tolkien ko Martin: Gardamar Masu Karatun Almara

Masu sha'awar littattafan dodanni da bokaye da takubba sun daɗe da rabuwa gida biyu. Wasu na bayan Tolkien, malamin jami'ar Oxford a Ingila, wanda littafinsa Le Seigneur des anneaux ya fito a 1954 da 1955, aka fara juya shi Faransanci a 1972. Shi kam har harsuna ya ƙirƙira wa mutanen labarinsa, kuma a wurinsa nagari daban, mugu daban.

Magoya bayan George Martin na Amurka sun fi son Le Trône de fer, inda rikicin sarauta ke cin mai gaskiya kafin maƙaryaci. Sai dai Martin ya riƙe musu bashi: littafi na biyar ya fito a 2011, na shida shiru kake ji. Wanda ya sayi juzu'i 15 na bugun Faransa, labari marar ƙarshe ke hannunsa. Ɗan kasuwa ya san sunan irin wannan ciniki.

A ganina, wanda ya tashi da Ruwan Bagaja ya nemi Nnedi Okorafor: labarinta The Shadow Speaker, na 2007, a Nijar ta shekarar 2070 yake gudana.