Ko Ka San Wayar da ke Kwance a Ƙasan Teku?

Ko ka san cewa saƙon da kake aika wa ɗan'uwanka da ke Makka ko Landan, galibi ta cikin wata waya yake ratsawa wadda aka shimfiɗa a ƙasan teku, wadda a wurare masu zurfi kaurinta bai kai inci guda ba? A tsakiyarta akwai zare na gilashi, siriri kamar gashin kai, da haske ke gudana a cikinsa ɗauke da magana, an kuma lulluɓe shi da ƙarfe da tagulla da roba. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke ƙetare nahiyoyi ta irin wannan hanya suke bi. Mu ma mun ɗanɗana ƙimarta ran 14 ga Maris 2024, sa'ad da wayoyi huɗu suka tsinke daura da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna a Najeriya suka yi cik, alhali wancan ma motsin ƙasa ake zargi, babu hannun kowa.

Tun da jimawa mayaƙa suka gane raunin wannan ni'ima, domin a watan Agusta na 1914, da ɓarkewar yaƙi, Ingila ta tura jirgi ya datse wayoyin tangarahun Jamus. Sai dai waccan gaba ce ta fili, kowa ya san mai ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ta'adin zamanin nan, wanda ake yi a ɓuya a bar duniya cikin shubuha. Ba wayoyi kaɗai abin ya shafa ba: ran 26 ga Satumba 2022 aka fasa bututan gas na Nord Stream a tekun Baltik, kusa da tsibirin Bornholm. A Oktoban 2023 bututun gas da ya haɗa Finlan da Estoniya ya tsage. Ran 25 ga Disamba 2024 kuwa jirgin dakon mai Eagle S ya ja ankarsa, wato ƙugiyar ƙarfen da jirgi ke jefawa don ya tsaya, nisan kilomita kusan 90 a kan daɓen tekun Baltik, ta tsinke wayar lantarki da wasu na sadarwa.

A nan mas'alar take. Shari'a takan rarrabe tsakanin ganganci da kuskure, amma tun da yake mafi yawan wayoyin da ke tsinkewa kowace shekara komar masunta da ankar jirage ne sanadinsu, ba tare da wata muguwar niyya ba, to mai zagon ƙasa ya sami mafaka: ya hayo tsohon jirgi mai tutar wata ƙasa ta nesa, matuƙa su rantse cewa ƙugiya ce ta suɓuce, sai hujja ta yi wuyar kafuwa. Finlan ta tsare Eagle S ta gurfanar da kyaftin da manyan ma'aikata biyu, amma a Oktoban 2025 kotun Helsinki ta ce ba ta da hurumin hukunta su, saboda ɓarnar ta auku ne a wajen ruwan da ke ƙarƙashin mulkin ƙasar.