Mai Aiki Daban, Mai Takarda Daban

Shirinmu na musamman na yau a kan kwangilar gwamnati yake, da takardun da suke shiga tsakanin wanda ya iya aiki da wanda ake ba aikin.

Duk wanda ya bi ta wurin masu walda a Gusau a lokacin da ake gyaran makarantu ya san abin da nake nufi. Kujerun ɗalibai ne jibge a bakin titi, yaran shago na shafa musu fenti, janareta na ruri, maigidan kuma na tsugune da baƙin tabarau yana haɗa ƙarfe. Ka ce masa, "Maigida, kwangila aka samu?" Sai ya girgiza kai ya ce wani Alhaji ne ya kawo aikin. Alhajin nan ba satar komai ya yi ba. Kamfani gare shi mai rajista, da jakar takardu cikakku, shi ya sa sunansa ne a ofis, kuma asusunsa kuɗin ke faɗawa. Mai waldan ladan hannu kawai yake karɓa, kuma ko ya shekara ashirin yana wannan aiki, babu wata takarda da za ta shaida cewa ya taɓa yi wa gwamnati ko benci ɗaya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan matsala. A Amurka, hukumar kula da ƙananan sana'o'i tana da wani shiri da ake kira 8(a), na kamfanonin mutanen da aka daɗe ana barinsu a baya. Sharaɗin shi ne aƙalla kashi 51 cikin 100 na kamfanin ya zama nasu, su ne kuma masu juya shi da gaske. In an tantance, kamfani zai yi shekara 9 a cikin shirin yana samun kwangilolin da aka keɓe. Kenya kuwa tun 2013 ta ware kashi 30 cikin 100 na sayayyar gwamnati ga matasa da mata da masu buƙata ta musamman, kuma sai da takardar shaida ake shiga.

A Nijeriya babu takardar shaida irin wannan a dokar kwangila ta tarayya ta 2007. Abin da ya fi kusa da ita shi ne umarnin da Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun 2017, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, cewa aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa a kan kaya irin su yunifom, takalma, abinci, kujeru da kayan gini ya tafi ga abin da aka yi a gida. To, wa ke ɗinka yunifom in ba telan Tsafe ba? Wa ke buga bulo in ba matasan Bunguɗu ba? Umarnin da su yake magana, sai dai ƙofar ba ta buɗuwa sai da takarda.

Ta farko ita ce rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Iri biyu ne suka fi shafarmu: rajistar sunan kasuwanci, da rajistar cikakken kamfani. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo sauƙi babba, domin yanzu mutum ɗaya tak zai iya kafa kamfaninsa, ba sai ya nemo ɗan'uwa ya ara masa suna ba. Ta biyu, lambar haraji da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Mai sunan kasuwanci a hukumar tara kuɗin shiga ta jiha zai nema, mai kamfani kuma a ta tarayya. A nan mutanenmu da yawa ke ja da baya, da sun ji kalmar haraji. Alhali tun a Dokar Kuɗi ta 2019 aka yafe harajin kamfani ga ƙananan kamfanoni, waɗanda a lokacin cinikinsu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba. Abin da ba a yafe ba shi ne kai bayanan ciniki duk shekara, ko an ci riba ko ba a ci ba. Wanda ya yi rajista ya jefa satifiket ƙarƙashin katifa, ranar da tallar kwangila ta fito zai tarar da tara tana jiransa.

Mai son aiki a hukumomin tarayya da ke jihar nan, kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, zai ƙara da rajista a kundin 'yan kwangila na hukumar kula da sayayyar gwamnati ta BPP, da takardun hukumar fansho, da na asusun horar da ma'aikata na ITF, da na inshorar ma'aikata na NSITF, gwargwadon yawan ma'aikatansa. Aikin jiha kuma yana da tasa rajistar a ofishin kula da bayar da kwangila na jiha.

Akwai haƙƙoƙin da ƙananan 'yan kwangila ba su cika sani ba. Ranar buɗe akwatin tanda, wato takardun neman kwangila, a bainar jama'a ake yage ambulan a karanta farashin kowa, kuma duk wanda ya nema yana da ikon zama a wurin. A ƙananan sayayya ma ba a buƙatar dogon tanda, farashi ake karɓa daga aƙalla mutum uku a gwada. Kuma in hukumar tarayya ta riƙe maka kuɗi fiye da kwana 60 bayan ka miƙa takardar neman biya, doka ta ɗauke shi a matsayin jinkiri.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya: aron takardu. Mutum zai samu hanyar aiki, ba shi da kamfani, sai ya ari na wani a kan za a ba mai kamfanin wani kaso. Kuɗin kafin alƙalami asusun wancan zai shiga, takardar kammala aiki da sunansa za ta fito, in rigima ta tashi kuma ba ka da bakin magana a gaban kowa. Mata sun fi kowa cutuwa a nan. Hajiya ce ke girka abincin taro na ɗaruruwan mutane, amma kamfanin da aka rubuta na wani ne daban. 'Yar'uwa, in da hali, rajistar nan ki yi ta da sunanki, asusun banki ma da sunan kasuwancinki.

Ga gwamnatin jiha da majalisar dokoki kuma, kiranmu a fili yake. A jihar da rashin tsaro ya raba dubban mutane da gonakinsu, ya bar mata da yawa da marayu, kwangilar kujeru da yunifom da abincin makarantun kwana hanyar abinci ce ga gidaje masu yawa. A ware wani kaso a rubuce cikin doka ga mata da matasa da masu buƙata ta musamman na ƙananan hukumomi 14. A rarraba manyan ayyuka ƙanana-ƙanana yadda mai shago ɗaya zai iya ɗauka. A riƙa sanar da tanda da Hausa a rediyo. Kafin a ba kowa shaida kuma, jami'i ya taka har shago ya ga keken ɗinki ko injin walda da idonsa, don kada masu hali su dawo ta bayan gida da sunayen matansu da 'ya'yansu.