Inda Mahaɗi Ke Buɗewa: Taga, Firam da Tsaron Ɗalibi a Intanet

A watan Agusta na 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, a cikin watan ne kuma masanin nan na Ingila, Tim Berners-Lee, ya gabatar wa duniya da tsarin shafukan intanet. Ginshiƙin tsarin shi ne mahaɗi, wato kalma ko hoton da ake latsawa ya kai mutum wani shafi. A yau ɗalibin Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya duba sakamakon WAEC ko NECO, ko ya nemi gurbi ta hannun JAMB, sai ya latsa mahaɗi. Sai dai kaɗan ne suka san cewa mai gina shafi ne ke tsara inda mahaɗin zai buɗe.

Umarni Huɗu

Ana rubuta shafuka da harshen HTML. A cikinsa akwai wata sifa mai suna target, wadda ke gaya wa burauza, wato manhajar buɗe shafuka, wurin da za ta ajiye sabon shafi. Umarnin _self yana sa sabon shafi ya maye gurbin na da, kuma shi ake bi idan ba a rubuta komai ba. Umarnin _blank yana buɗe sabuwar taga, na da ya tsaya yadda yake. Wannan yana da muhimmanci ga mai cike fom: idan ya latsa mahaɗin ƙa'idoji ya buɗe a kan fom ɗin, abin da ya rubuta zai iya gogewa, ya yi asarar lokaci da kuɗin data.

Sauran biyun sun shafi firam. A 1996 burauzar Netscape Navigator 2.0 ta zo da dabarar raba taga ɗaya gida-gida, kamar yadda ake raba gida sassa-sassa, kowane sashe da shafinsa. Akan raɗa wa kowane firam suna, ta yadda mahaɗin da ke hagu zai buɗe shafi a dama. Umarnin _parent yana buɗe shafi a firam ɗin da ya ƙunshi wanda ake ciki, _top kuwa yana share dukkan sassan ya cike tagar. Tsarin HTML5 na 2014 ya yi watsi da wannan rabo, amma ya bar iframe, ƙaramar tagar da ake dasawa cikin shafi. Da ita ake saka bidiyon YouTube, taswira, da wasu akwatunan biyan kuɗi.

Inda Haɗarin Yake

Manomin ƙasar Gumel ya san ƙuduji, ciyawar da ke maƙale wa saiwar gero da dawa tana tsotse musu abinci tun kafin ta fito fili. Haka shafin zamba ke rayuwa a jikin na gaskiya. Layin adireshi yana nuna sunan shafin waje ne kawai, ba na abin da ke cikin firam ba. Saboda haka mazambaci na iya ɗora shafin gaskiya a firam marar ganuwa a saman nasa maɓallai, mutum ya latsa abin da bai yi niyya ba. Masana tsaro biyu, Jeremiah Grossman da Robert Hansen, sun bayyana wannan dabara a 2008, daga baya aka samar da umarnin da shafi ke hana a dasa shi cikin firam ɗin wani.

Shi ma _blank ya taɓa zama kafa. A da, sabuwar tagar tana iya sauya shafin da ya buɗe ta. Ɗalibi zai koma tagar farko ya tarar da shafi mai kama da na gaskiya yana neman lambar sirri, ya rubuta ba tare da zargi ba. Maganin shi ne ƙara rel="noopener" a mahaɗin, wanda ke yanke alaƙar tagogin biyu. Firefox daga 2020 da Chrome daga 2021 suna yin hakan da kansu, amma tsohuwar burauzar da ba a sabunta ba tana nan da raunin.

Abin Da Ya Kamata a Yi

Mai karatu ma yana da iko a kan mahaɗi. A waya, danne shi na ɗan lokaci yana fito da zaɓin buɗewa a sabuwar taga. A kwamfuta kuwa sai a riƙe maɓallin Ctrl a latsa. Ya kamata ɗalibi ya sake karanta adireshi duk lokacin da ya koma wata taga, kafin ya rubuta lambar jarrabawa ko ta katin banki, musamman a shagon kwamfuta na haya.

Malaman kwamfuta a makarantun sakandare da Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya nuna duk wannan ba tare da intanet ba. Shafuka uku da aka rubuta a Notepad sun isa: ɗalibai su sauya umarnin ɗaya bayan ɗaya, su ga da idonsu inda kowane mahaɗi ke faɗawa.