Ɗan Ƙwarya-Ƙwaryan Mamaki Daga Wutar Dilimi

Mai zubin tukunya a Dilimi, cikin Jos, in ka ajiye masa buhun gwangwanin lemo da tsohon fistin na mota, fistin zai fara ɗauka. Ya san ruwansa ya fi gudu cikin yashin zubi, yana cika har kunnen tukunya. Dalili shi ne silikon, sinadarin da ke cikin yashi. Fistin cike yake da shi, gwangwani kuwa kusan babu.

Ga abin mamaki na farko. Alminiyam zalla, ƙarfen gwangwani da fistin, yana narkewa a digiri 660, silikon sai 1,414. Amma ka haɗa su, silikon ya zama kusan kashi 12.6 cikin 100, sai su narke a 577, ƙasa da kowannensu.

Silikon yana kumbura idan ya daskare, kamar ƙanƙara. Shi ya sa zubin ba ya motsewa sosai.

Sai dai silikon yana da mugun hali. Yakan daskare cikin siffar allurai da faifai masu kaifi, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake gani. Tukunya ta faɗi a daɓe, ta nan tsagewa take bi. Wannan ya ci wa masana tuwo a ƙwarya har zuwa 1921, lokacin da Aladár Pacz, ɗan Hungary mazaunin Amurka, ya sami rajistar dabararsa: ɗan sodiyam kaɗan cikin narkakken ƙarfe, sai allurai su koma zare masu laushi, ƙarfe ya riƙa lanƙwasa kafin ya karye. Sodiyam dai shi ne na cikin gishirin miya, amma ba ya jimawa a wuta. Mai zubi ya yi jinkiri, ƙarfin sodiyam ɗin ya gushe.

Yau sitirontiyam aka fi amfani da shi. Giram 200 ya ishi tan guda na ƙarfe, wato bai kai nauyin gwangwanin madara biyu ba. Sunansa daga ƙauyen Strontian ne a Sikotland, kuma shi ke ba wutar wasan biki launin ja.

Fosfaras abokin fistin ne, yana ƙanƙanta ƙwayoyin silikon, amma yana kashe aikin sitirontiyam. Ba a haɗa su gida ɗaya.

Ƙusa ko ƙaramin noti da ya ɓuya cikin kayan jari-bola yana haifar da wasu allurai masu karya zubi. A zuba manganis, sai su murɗe su zama wani zane da masana ke kira rubutun Sinawa.

Abin da ya fi damuna shi ne dalma mai guba. Wani bincike a Kamaru a 2014 ya gano tana fita daga tukwanen da aka zuba da tarkace, ta shiga abinci. Ina roƙon masu zubi su riƙa ware kayansu tun kafin su kai wuta, don yara ne ke cin tuwon.

Na ƙarshe ya dawo da mu gida. Wajajen 2015 masana a Jami'ar Brunel ta Ingila suka nuna cewa niyobiyam yana ƙanƙanta ƙwayar alminiyam mai silikon fiye da wani sinadarin, taitaniyam. Daga kwalambait ake samunsa, baƙin yashin da ke fitowa tare da kuza, wanda a shekarun 1950 Najeriya ta fi kowace ƙasa fitar da shi, akasari daga ramukan Filato.